Yarinya Mai Sifana a Hagu

Malama Zulaihatu ta ajiye zanen a gaban Dalhatu, malamin zane na makarantarsu da ke Madaki.

"Kwamitin duba littattafai ya dawo da shi. Sun ce yarinyar da ka zana don ta yi wa yara jagora a littafin ƙere-ƙere ta yi kyau, sai dai ko'ina da hagu take riƙe sifana. Iyaye ba za su yarda ba."

"Na gwada mayar da sifanar dama, Malama. Sai yarinyar ta zama wata daban."

Zulaihatu ta dubi wushiryar yarinyar, irin tata sak, ta dubi nata hannun hagun da alli ya yi wa fari. Ta ɓoye shi cikin gyale.

"Jibi zan hau jirgin ƙasa zuwa Zariya. Karatun shekara uku ne a kwaleji."

"Na sani. Shi ya sa na sa ta a kowane shafi."

Ta ɗauki fensirinsa da hagu, ta rubuta adireshin kwalejin a bayan zanen.

"Ka zana wa kwamiti tasu, Malam. Wannan kuwa, kada ka taɓa mata hannu."