Maɓoyar Bayan Murhu

Tun da safe ƙararrawar coci take kaɗawa, kamar yadda doka ta ce a yi duk ranar biyar ga Nuwamba, don murnar sarki ya tsira daga albarushin da aka jibge a ƙarƙashin majalisa. Humphrey Tolley yana kwance yana jin ta, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Shekara goma sha tara ke nan babu ɗan Katolikan da ya taka dokin ƙofarsa, in ban da mutum ɗaya.

Humphrey kafinta ne, kuma shi ya gina maɓoyar da ke bayan murhun gidan Hanford. Irin wannan aiki mutum ɗaya ke yin sa, ba mataimaki, in ya gama ya dafa Littafi ya rantse bakinsa ya mutu. Da makircin ya watse, mai gidan, Edmund Hanford, wanda ya ba 'yan Katolikan da suka ƙulla shi aron dawakai, ya shige can. Sojoji suka kama ɗansa tilo, suka yi kwana tara suna auna bango ciki da waje, suna ƙwanƙwasa katako, Edmund kuwa yana raye da romon da ake zura masa ta bututu. Ran na goma suka miƙe kai tsaye zuwa murhu, ba ko lalube. Aka sako ɗan, aka rataye uban.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji mutanen ƙauye, kuma kowa ya san wanda ya gina bangon. Humphrey bai musa ba. Ƙanwarsa ta daina gaishe shi. Duk sanda Fada, limamin Katolika, ya ratso a ɓoye don yin addu'a a rumbun wani, kowa na sani sai shi. 'Yan cocin sarki ma ba su karɓe shi ba, don a wurinsu ɗan Katolika ne har gobe. Ya tsufa shi kaɗai, kuma kaɗaicin ya ci shi ƙwarai.

Mutum ɗayan da ke zuwa ita ce Ursula, matar marigayin. Duk Juma'a takan kawo masa burodi, ta share ɗaki, ta tafi. Ana cewa da yafiya na da fuska, tata ce.

Yau ba Juma'a ba ce, amma ta shigo da kwanon romo.

"An ce jikin ya ƙi," ta ce.

"Ya ƙi, ranki ya daɗe. Katakon ya ruɓe, ba ya riƙe ƙusa." Ya yi tari. "Na ji Fada yana gari."

"Wa ya faɗa maka?"

"Kurma ma zai gane. Duk tsofaffin ƙauyen nan sun yi wanka ran Talata."

Ba ta yi dariya ba.

Abin da yake so bai fi wannan ba: ya furta zunubansa, a shafa masa mai, a binne shi kusa da uwarsa. In bai samu ba, bayan shingen maƙabarta za a haƙa masa. Sau uku a shekarun baya ya roƙe ta ta yi masa hanya, tunda maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a wurin jama'a, sau uku tana dawowa ta ce sun ƙi.

"Ka san halinsu, Humphrey. Ba za su yarda ba."

"Kin taɓa tambayarsu?"

Ta sunkuyar da kai. A waje ana ta jan itace zuwa dandali don wutar murna.

Ya daɗe yana kallonta, babu fushi a idonsa, sai gajiya.

"Kira min Fada, uwargida, kada ki ji tsoro. Zunubina kaɗai zan faɗa masa. Shekara goma sha tara ban gaya wa kowa ke kika nuna musu murhun ba, ba yau zan fara ba."