Gaisuwar Katekis a Rumfar Inna Zakiyya

Ƙawata, matso ki ji wanga labari, ya daɗe yana cina a ciki.

An yi wani katekis a Goronyo, wato malamin da ke koya wa ɗiyan Katolika addininsu. Cocinsu ɗan ƙarami ne, na ma'aikata da baƙin 'yan kasuwa, limaminsu Fada ma sai wata-wata yake zuwa daga Sakkwato. An ce a ƙasar Malumfashi ya tashi, kuma shi da kansa ya roƙi a turo shi nan, inda kowa ke gudu.

Mutum ne da ko maƙiyi ba ya samun abin faɗa a kansa. In aka kira azahar, sai ya tsai da waƙar yara har a sallame. Shekarar amai da gudawa shi ya riƙa wanke marasa lafiya, bai tambayi addinin kowa ba. Da 'yan bindiga suka koro mutanen ƙauye, ya buɗe musu harabar coci, ya raba geronsa har rumbu ya yi ƙasa. Nasa suna ce masa tsarkakakke, namu suna cewa, "Wanga bawan Allah, sai dai a yi mai hwatan shiriya."

Mutum ɗaya ce ba ta yi da shi: Inna Zakiyya mai fura.

Duk ranar kasuwa sai ya zo rumfarta, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ta. Ita kuwa ta kau da kai, ta ci gaba da dama, sai ka ce iska ce ta wuce. Shekara goma sha ɗaya ana haka.

Ɗahiru mai albasa, maƙwabcin rumfarta, ya kan ce, "Haba Inna, mi yay yi maki? Ko kahiri na, ai gaisuwa bashi ta."

"Kai dai ji da albasarka, ta hwara ruɓa," in ji ta.

Da damina ciwon hanta ya kwantar da shi. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gida, likita ya ce sai addu'a. Ran nan da hantsi Kyauta, shugabar zumuntar matan coci, ta zo rumfa idonta jawur.

"Inna, Malam na kiranki. Ya ce ba shi son ya tahi ba ki kira sunanai ba, ko sau guda. Ni ban san mi ag gaminku ba."

Inna ta rufe ƙwarya, ta ja mayafi, ta bi ta.

Ɗakin cike da mata suna jan carbinsu. Ba ta shiga ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ba gadon baya.

"Inna," ya ce, murya kamar zare, "ki yahe mani."

"Ba ka yi mani komi ba. Allah shi yahe muna baki ɗai."

Ya zuba mata ido yana jira. Matan ma suka tsaya da addu'a. Sunan ya taso mata har maƙogwaro, leɓenta ya motsa, ta dubi idanun da ke kanta, ta haɗiye. Ta ce a ranta gobe, in an watse.

Kafin la'asar ya cika.

Wurin binne shi har da liman biyu suka tsaya daga gefe. Inna ba ta je ba, ba wanda ya ga hawayenta. Garin ya ɗauka da zancen taurin zuciyarta, har ɗiyanta na cikinta suka yi mata faɗa. Su ba su san kafin ubansu ta yi wani aure a Rabah ba, da wani baƙo da ya musulunta, wanda ya rasu, danginsa suka zo suka tafi ƙasar Malumfashi da ɗanta da aka yaye.

Don Allah, ƙawata, ki bar shi tsakaninmu, ko ɗiyana kada su ji. Ke ma uwa ce, kin san ba a kama sunan ɗan fari, shi ya sa har na kawo ƙarshen labarin ga ban iya faɗa maki sunan katekis ɗin ba.