Jan Kati a Cikin Bas

Bas ta maƙale a cunkoson bakin filin ƙwallo a Rosario ta Ajantina, ba gaba ba baya. Wata tsohuwa, Doña Herminia, tana tsaye, 'yan kallo sun matse ta, ko numfashin kirki ta kasa.

"Ko taɓa shi ɗan bayanmu bai yi ba!" in ji Rubén, wani mai tumbi da ya baje a kujera. "Ɗan iskan ɗan wasan nasu ya zube yana birgima, sai ga jan kati!"

"Ya kai masa gwiwar hannu fa," wani ya ce.

"Rufe mana baki!"

Nan aka ɓarke da waƙar zagin uwar alƙalin wasa, ana dukan rufin mota. Herminia ta sunkuyar da kai.

Sai wayarta ta yi ƙara. Hoton alƙalin ya fito ɓaro-ɓaro, Rubén ya gani, ya nuna. Bas ta yi tsit.

"Mama, kin isa gida?"

"Aníbal," ta daka masa tsawa, "shekara hamsin ina bin ƙungiyar nan! Makaho ma ya san faɗuwar ƙarya ce. Ranar Lahadi kada in ga ƙafarka wurin gashin nama a gidana!"

Rubén ya miƙe tsam.

"Iya, zo ki zauna."