Saura Sakan Ɗaya

Yau hannunta ya makara, na'urar ɗumama abinci ta yi ƙara.

Ma'aikaciyar jinyar ta ƙame a kicin. Wata uku ke nan da uwar mijinta ta dawo gidan, kullum tana faɗin, "Ni ba na cin abincin da ya kwana a ƙanƙara." Ita kuwa ina ta ga lokacin girki? Ranar hutunta take dafa na mako, ta jera a firiza, kowace roba da sunan rana. In ta taso daga asibiti sai ta ɗumama ɗaya, ta buɗe na'urar saura sakan ɗaya ta yi ƙara, ta juye a tukunya tana ta ƙwanƙwasa ludayi. Robar Laraba ce dai take yawan ɓacewa, ita kuwa mijinta take zargi.

Takun silifas ya matso. Tsohuwar ta leƙo, ta dubi robar tana tururi.

"Mama, ki yi haƙuri, wallahi aiki ne..."

"Matsa, 'yar nan."

Ta ɗauki cokali, ta yi rami a tsakiyar shinkafar, ta yayyafa ruwa, ta mayar ciki.

"Haka ake yi, in ba haka ba tsakiyar da sanyinta. Ki daina zargin ɗana. Ni nake cinye robar Laraba."