Lissafin da Ke Cikin Durowa

Farfesa Gauthier ta rufe ƙofar ofis, ta shimfiɗa zanen gadar ɗalibinta Tavish a kan tebur.

"Shekara huɗu ina fama da kai ka ɗaga fensir, yau ga shi ka fi kowa. Ina ka samo wannan himma?"

"Zoben nake so, Farfesa," in ji Tavish, idonsa a kan zoben ƙarfen da ke ƙaramin yatsanta, irin wanda ake sa wa injiniya in ya kammala karatu.

Gaskiyar magana, a wata tsohuwar durowa ta ɗakin gwaji ya tsinci lissafin gadar, babu suna a jiki, ya kwafe shi tsaf.

Ta fara ƙwanƙwasa zoben a tebur, a hankali.

"Ka sake duba shafi na tara?"

"Sau biyu," ya shara mata ƙarya. "Ko jirgin ƙasa gadar nan za ta ɗauka."

"Haka ni ma na ce, shekara talatin da suka wuce. Lissafina ne. Da gangan nake barin sa a durowar."

Ta turo masa hoton wata gada da ta karye biyu a cikin kogi.

"Mutum bakwai ne a kanta. Har da ƙanena."