Garmaho a Bakin Kogi

Sanyin safiya na ratsa ƙashi sa'ad da Yalwa ta iske masoyinta Cha'ibu a bakin kogin Gaya, rungume da garmahonsa na sauraren faifai. Ya bar kolej ɗin Yamai, zai bi makaɗan birnin Kwatano da ya haddace fayafayansu kaf.

"Don Allah ki biyo ni, a ɗaura mana aure can," ya ce.

Ta sunkuyar da kai. "Inna ba ta gani, Yaya. Ni ce idonta."

"To, in zauna?"

"Ka zauna ka tsane ni?"

Cha'ibu ya shiga jirgi, mai fito ya tura shi. Ya yi ta kiran sunanta har tsakiyar ruwa, ita kuwa ta toshe baki da mayafi.