Inda Gurjiyar Ƙarshe Ta Faɗa

Tunda ka ce nisa ne ya hana ka, bari ka ji misalin wani tsohon malamin makaranta. Mutum ne mai gaskiya ƙwarai, irin gaskiyar nan da ke sa maƙwabta su canza hanya in sun hango mai ita. Shi da ƙanensa sun ɓata a kan wani ɗan zirin ƙasa a gonar gado, wanda faɗinsa bai kai tabarma ba. Aka kira dattawa, aka ja igiya, aka tarar malam ke da gaskiya. Ya samu zirin, ya rasa ƙane, kuma a lissafinsa bai ga faɗuwa ba. Da ciwo ya shanye wa ƙanen ɓarin jiki, aka aiko wa malam, aka sake aikowa. Ya ce gidan yana can bayan gari, ga gwiwa ta ƙi, Allah dai ya sawwaƙe.

Wata safiya ya bi ta makarantar firamare, ya ga an yi wa bango sabon zane: rana da duniyoyin da ke kewaya ta, an jera su kafaɗa da kafaɗa kamar tumatir a faifai, kusan duk kai ɗaya. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ƙudura sai ya shimfiɗa gaskiyar lamarin a ƙasa, sannan ya jawo shugaban makarantar ya zo ya gani da idonsa. Ya sayi ƙatuwar kabewa ya girke a ƙofar gidansa, ya ce ita ce rana. Ya zauna ya auna: in rana ta zama kabewa, to duniyarmu, da tekunanta da duwatsunta da masu ji da kansu a cikinta, ƙwayar gero ce. Ya zuba tsaba a aljihu don ya ajiye kowace duniya daidai nisanta da rana, ya ɗauki sanda, ya bi hanyar gabas, domin ita kaɗai ce miƙaƙƙiya a garin. Ko ya manta inda take ɓullewa, ko bai manta ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

Duniyoyin da ke kusa da rana ba su ba shi wahala ba. Kafin ya fita layinsu ya ajiye huɗu, acca biyu da gero biyu, ɗaya daga cikin geron kuwa mu ne. Mushtari, babban cikinsu, goro guda ne, shi sai da aka kai bakin rijiyar unguwa. Zuhalu, mai bi masa, ya samu aduwa, can gindin tsamiyar da mahauta ke zama. Daga nan tazarar ta fara rashin mutunci. Ya yi ta tafiya babu abin ajiyewa, ya wuce maƙera, ya wuce injin niƙa, kafin ya sa gurjiya ɗaya a ƙasa. Hantsi ya ɗaga, gumi ya jiƙa bayan rigarsa, gidaje suka fara ƙaranci. Gwiwar nan da ta ƙi, ranar ba ta ce uffan ba. Da alama ita ma tana son ilimi.

Saura gurjiya ɗaya a aljihu, duniyar ƙarshe, mai sanyi da duhu, wadda in ka tsaya a kanta rana kanta tauraro ce kawai mai ɗan haske. Yana tafe yana ƙirga taku, kai a ƙasa, sai ƙirgar ta kawo shi bakin wani zaure da ya sani sarai, kuma ba ta ƙare ba sai an shiga ciki. Ya tsaya. Da wani ne, da ya rage 'yan taku ya ajiye ta gindin dalbejiyar waje. Wa zai sani? Amma mutumin da ya rabu da ɗan'uwa a kan faɗin tabarma ba zai ci amanar duniya sukutum ba. Ya yi sallama.

Ƙanen yana kishingiɗe, hannu ɗaya a kan cinya kamar na aro. Ya ce, "Yaya, lafiya?" Malam ya ce, "Lafiya lau. Ajiya na kawo." Ya durƙusa ya sa gurjiyar a gefen tabarma, ya shiga bayani mai tsawo, domin bayani ya fi gaisuwa sauƙi. Ƙanen ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya da karkataccen bakinsa, "To, tamu duniyar fa, tana ina?" Malam ya leƙa hanya. Ko kabewar ba a hangowa, balle gero, kuma ya tuna kajin maƙwabcinsa suna kiwo a layin. Ya ce, "Ina jin kaza ta cinye ta." Ƙanen ya ce, "Har da gonar Baba?" Malam ya ce, "Har da ita." Ƙanen ya yi dariya har hawaye ya zubo masa, ya bubbuga gefen tabarma da hannun da ke aiki. Malam ya jingine sanda ya zauna.

Shugaban makaranta bai taɓa ganin aikin ba, zanen ma yana nan a bango da kuskurensa. Amma tun daga ranar, kullum da hantsi ana ganin malam a hanyar gabas, in an tambaye shi sai ya ce gurjiya zai je dubawa. Nisan da ya ce ya fi ƙarfinsa, ashe bai kai koko ya huce ba. Abin da Hausawa suka gani ke nan da suka ce: zumunta a ƙafa take.